Dezi ko Mangwaro: Yadda Za a Auna Su Kafin a Shuka a Tsakar Gida a Kaduna

Duk wanda ya kammala gini a Kaduna, ko a Rigasa ne ko a Barnawa ko a sababbin unguwannin hayin kogi, yakan tarar da ɗan filin da ya rage tsakanin ɗakuna da katanga, kuma ba a jimawa sai maganar abin da za a shuka a wurin ta taso. Masu sayar da irin dashe a bakin titi sukan jera tukwanen furanni a gaba, su bar 'ya'yan itatuwa a baya cikin baƙar leda, saboda haka ido yakan fara sauka a kan fure, musamman idan aka yi dace da dezi, mai fararen ganyen fure da tsakiya ruwan ɗorawa. Ina ganin kafin a fitar da kuɗi ya kamata a ajiye dezi da mangwaro a kan ma'auni ɗaya, domin bukatunsu sun saɓa ta kusan kowace fuska, kuma kuskuren da aka yi a kan fure ana gyara shi cikin mako guda, amma na bishiya yakan zauna a gida shekaru masu yawa.

Dezin da ba ya mutuwa bayan ya yi fure, wato wanda yake sake tohowa daga saiwarsa shekara bayan shekara, iri biyu ne aka fi sani. Na farko shi ne Shasta, wanda wani masanin tsirrai ɗan Amurka mai suna Luther Burbank ya samar a jihar Kalifoniya ta hanyar haɗa irin dezi daban-daban, ya fitar da shi kasuwa a 1901. Tsawonsa yakan kai santimita 60 zuwa 90, furensa fari ne fat. Na biyu shi ne Gerbera, wanda asalinsa yankin Barberton ne a Afirka ta Kudu, ya fi Shasta gajarta, kuma furensa yana zuwa ja da ruwan goro da ruwan hoda da ruwan ɗorawa. Dukansu dangi ɗaya ne da shuwaka da latas, kuma abin da ido yake gani a matsayin fure guda a haƙiƙa taron ƙananan furanni ne masu yawa da suka cunkushe a kai ɗaya. Shi kuwa mangwaro ɗan asalin Indiya ne da maƙwabtanta na gabas, danginsa su ne yazawa da danya, kuma bishiya ce da takan rayu fiye da shekara ɗari idan ba a sare ta ba.

Abu na farko da za a auna shi ne yanayi, kuma a nan ne bambancin ya fi girma. Kaduna tana samun ruwan sama daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, kimanin milimita 1,200 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba. Daga nan sai rani mai tsawo, da hunturu a Disamba da Janairu, sannan bazara a Maris da Afrilu lokacin da zafi yakan haura digiri 35. Wannan tsari kamar an yanka wa mangwaro ne. Bishiyar tana bukatar wata biyu ko uku na bushewa da ɗan sanyin dare kafin ta yi huda, shi ya sa ake ganin mangwaron Kaduna ya cika da fure a cikin hunturu, sannan 'ya'ya su nuna daga Maris zuwa farkon damina. A wuraren da ruwa ba ya ɗaukewa, kamar bakin teku a kudancin ƙasar nan, bishiyar takan yi ganye mai yawa amma ruwa da laima su lalata furen. Abin da mutumin Kaduna yake ɗauka a matsayin wahalar rani, shi ne sirrin zaƙin mangwaronsa.

Ga dezi kuwa lissafin ya juye. Shasta ɗan ƙasashen sanyi ne, kuma yawancin nau'o'insa ba sa yin fure mai kyau sai saiwar ta sha makonni cikin sanyi mai tsanani, irin wanda ya kusa daskarar da ruwa. Sanyin hunturunmu, duk da yakan sa a kwana da bargo, bai kai nan ba. Saboda haka wanda ya shuka Shasta a Kaduna yana iya samun ganye kore shar na tsawon watanni ba tare da ya ga fure ba, sannan zafin bazara ko ruwan marka ya kashe saiwar. Akwai nau'o'in da aka inganta su yi fure a shekarar farko ba tare da sanyi ba, irin su Snow Lady, amma ko su a nan sai a ɗauke su a matsayin shukar shekara guda. A tudun Jos, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 1,200, wato kusan ninki biyu na Kaduna, furannin ƙasashen sanyi sun fi samun sauƙi, kuma wannan ne dalilin da ya sa shukar da ta yi kyau a can takan yi yaushi idan ta sauko nan. Shawarata ga mai sha'awar dezi a Kaduna ita ce ya nemi Gerbera, domin ba ta jiran sanyi kafin ta yi fure, ko da yake ita ma furenta yakan ragu idan zafi ya wuce digiri 30.

Abu na biyu shi ne fili, da kuma wanda ya mallaki filin. A gona ana ba kowace bishiyar mangwaro tazarar mita 8 zuwa 10, kuma a cikin gida bai kamata ta kusanci ɗaki ko katanga ko ramin sokawe ko rijiya da ƙasa da mita 5 ko 6 ba. Mutane da yawa sukan ga ɗan dashen bai wuce gwiwa ba, su sa shi a jikin katanga don kada ya tare hanya, bayan shekara goma kuma sai ga rassa a kan rufin maƙwabci, ganye ya toshe magudanar ruwa, saiwa ta ɗaga siminti. A ɗauki igiya a auna tsakar gida kafin a yanke shawara. Idan ba a samu wurin da za a zana da'irar mita 5 ta kowane ɓangare ba, to a haƙura da mangwaro, a koma ga gwaiba, wadda tazarar mita 4 zuwa 5 ta ishe ta, ko gwanda, wadda takan fara 'ya'ya kafin shekara ta zagayo. Dezi kuwa tukunya mai faɗin santimita 30 ta ishe shi, kuma ɗan haya yana iya ɗaukar tukwanensa ranar da zai tashi. Wanda yake zaune a gidan haya bai kamata ya dasa babbar bishiya ba sai da yardar mai gidan.

Na uku shi ne ruwa, kuma a nan mutane sukan yi lissafi a baibai, su ɗauka ƙaramar shuka ƙaramin ruwa take sha. Ɗan mangwaro yana bukatar ban ruwa a rani biyu na farko, bokiti ɗaya ko biyu sau biyu a mako, daga nan saiwarsa ta nutse ta riƙa neman wa kanta. Dezi saiwarsa a sama take, ba ta da inda za ta je, don haka muddin yana raye sai an ba shi ruwa, a bazara ma kusan kullum. Gidan da yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya kamata ya yi wannan lissafi da kyau, domin tukwane goma na fure za su ci ruwa a shekara biyar fiye da yadda bishiya guda za ta ci. Ta fuskar jira kuwa dezi ne a gaba, tun da dashen Gerbera yana iya yin fure cikin 'yan watanni, alhali mangwaro mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen wata bishiya a kan tushensa, sai ya shekara 3 ko 4 kafin ya fara 'ya'ya, wanda aka shuka daga ƙwallo kuma 5 zuwa 8.

Yadda ake dasa mangwaro

Idan fili ya isa kuma gidan na mutum ne, ra'ayina shi ne a fara da bishiya, a ba ta wurin da ya fi dacewa, sannan fure ya bi abin da ya rage. A nemi mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen bishiya mai kyau a kan tushen wata. Dalili shi ne nau'o'i irin su Julie da Kent da Keitt ba sa gadon uwarsu idan aka shuka ƙwallonsu, mutum yana iya jira shekara bakwai ya tarar da 'ya'ya masu tsami da zare. Wasu mangwarorin gida, musamman ƙananan nan masu zare, ƙwallonsu yakan fitar da tsiro fiye da ɗaya kuma sukan yi kama da uwarsu, shi ya sa masu lambu suke amfani da su a matsayin tushe. Lokacin saye a duba mahaɗar auren, a tabbata ta warke ba ta tsage ba, ganyen kuma ba shi da baƙaƙen ɗigo ko farin ƙwaro a bayansa, sannan a ɗaga ledar a ga ko saiwa ta huda ƙasa ta tsinke. A tambayi mai lambu sunan nau'in, ko Binta Siga ne ko Julie ko wani, kuma wanda yake son ƙarin tabbaci yana iya neman shawarar malaman gona, tun da jihar nan tana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da kwalejin gandun daji da ke Afaka. Ga ƙaramin gida Julie ya fi dacewa saboda bishiyarsa ba ta girma sosai.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, wajen watan Yuni, don shukar ta samu wata huɗu na ruwan sama kafin rani. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a ware ƙasar sama daban da ta ƙasa. A wurare da yawa na Kaduna za a ci karo da jar ƙasa mai tsakuwa ko ma marmara, to idan aka tarar da ita a daure a fasa ta, domin ramin da ƙasansa ya toshe yakan riƙe ruwa ya ruɓar da saiwa. A gauraya ƙasar sama da bokiti biyu na takin shanu wanda ya ruɓe sarai, a mayar cikin rami, a bar shi mako biyu ya zauna. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara, wadda ita ce babbar abokiyar gabar ɗan dashe a rani. Ranar dashe, da yamma, a yanka ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a zaunar da shukar daidai zurfin da take a leda, mahaɗar auren tana sama da ƙasa da aƙalla taƙi guda. A danne ƙasa, a yi ɗan gurbi kewaye da ita, a ba da ruwa, a kafa sanda a ɗaure ta sako-sako. Idan akwai akuya a gidan ko a unguwar, shinge wajibi ne tun ranar farko.

Aikin shekaru uku na farko shi ne yake tsara siffar bishiyar har ƙarshen rayuwarta, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Duk tohon da ya fito a ƙasan mahaɗar aure a cire shi nan take, domin na tushe ne, idan aka bar shi zai fi ƙarfin reshen da aka saya don shi. Idan shukar ta kai tsawon mita guda a datse kanta, ta fitar da rassa, a zaɓi uku ko huɗu da suka fuskanci ɓangarori daban-daban a bar su, a cire sauran. Idan waɗannan suka yi tsawon rabin mita su ma a datse kansu. Da haka ake samun bishiya mai faɗi wadda ba ta wuce mita 4 ba, wadda yaro ba sai ya hau ko ya yi jifa ba kafin ya samu 'ya'ya. Mangwaro mai aure yakan yi fure tun a shekarar farko ko ta biyu, kuma na san cire wannan fure yana da wuya a zuciya, amma a cire shi, domin 'ya'yan farko suna tsotse ƙarfin da ya kamata ya tafi ga saiwa da rassa. Bayan bishiya ta girma, a daina ba ta ruwa daga ƙarshen damina har ta yi huda, sai 'ya'ya sun ƙulla sannan a taimaka mata da ruwa idan akwai hali, kuma a rage rassa da zarar an gama tsinka.

Matsaloli biyu ne suka fi damun masu mangwaro a gida. Ɗaya shi ne ƙudan da yake huda fatar 'ya'ya ya zuba ƙwai, har a yanka a tarar da tsutsa a ciki. Nau'in da ya fi ɓarna baƙo ne daga Asiya, an fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, ya kuma bazu har yammacin nahiyar cikin 'yan shekaru. Tsutsar takan fita daga 'ya'yan da suka faɗo ta shiga ƙasa ta rikiɗe, saboda haka maganin farko shi ne a riƙa tsince faɗaɗɗun 'ya'ya kullum, a ƙulle su a baƙar leda a ajiye a rana na kwanaki, ko a binne su a rami mai zurfin fiye da rabin mita. Nau'o'in da suke nuna a makare, bayan ruwa ya sauka, su ne suka fi shan wannan ɓarna da kuma cutar baƙin tabo mai son laima. Ɗaya matsalar ita ce ƙaron da yake fita idan an tsinke 'ya'ya, wanda yake ƙona fatar wasu mutane, don haka a tsinka da ɗan guntun kara, a kife su ƙaron ya tsiyaye, a wanke kafin a ba yara.

Yadda ake riƙon dezi

A Kaduna tukunya ta fi ƙasa ga dezi, saboda dalili guda, wato ana iya matsar da ita. A samu mai huji da yawa a ƙasa, a cika ta da kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya na baƙar ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Wurin da ganye yake haɗuwa da saiwa shi ne ran shukar, kuma idan aka binne shi ruɓewa yake yi, musamman ga Gerbera, saboda haka a bar shi daidai da saman ƙasa ko ya ɗan ɗara. Littattafan ƙasashen sanyi sukan ce a sa dezi a rana tsawon yini, amma ranarsu daban take da tamu. A nan a ajiye tukunyar ta gabashin ɗaki, inda za ta sha hantsi har zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, inuwa ta rufe ta da azahar. A ba da ruwa da safe, a gindi, ba a kan ganye ba, kuma kafin a ƙara a tsoma yatsa a ƙasa, idan da danshi a bari sai gobe. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, don shukar ta yi ƙarfi ta yi fure cikin sanyin hunturu.

Lokuta biyu ne suke kashe shi. A bazara a matsar da tukwane ƙarƙashin rumfa mai haske, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa nesa kaɗan da gindi, a kuma riƙa duba bayan ganye, domin busasshiyar iska tana kawo wasu ƙananan ƙwari masu saƙa waɗanda suke sa ganye ya koɗe, kuma wanke bayan ganyen da ruwa da sassafe yana rage su. A marka kuwa, cikin Agusta, a janye su ƙarƙashin inuwar rufi inda ruwan sama ba zai yi ta dukansu ba, a ɗora su a kan bulo don ruwa ya riƙa fita. Duk furen da ya fara yaushi a cire shi tun daga gindin kararsa, hakan yana sa wani ya fito. Bayan shekara biyu ko uku gindin yakan cunkushe, fure ya ƙanƙance, to sai a zazzage shukar daga tukunya a ƙarshen damina, a raba ta da wuƙa mai tsabta yadda kowane kashi zai samu saiwa da toho, a dasa kowanne daban. Ta haka tukunya ɗaya take zama uku, har a ba maƙwabta. Irin Gerbera na cikin takarda yana saurin mutuwa idan ya daɗe a ajiye, don haka dashe ko rabon gindi ya fi tabbas.

Wanda yake son ya haɗa su biyun a gida ɗaya yana iya yi, amma kada ya shuka dezi a gindin mangwaro, ko da yake sha'awar yin hakan tana da ƙarfi. Mangwaro ba ya kaɗe ganyensa gaba ɗaya a kowane lokaci na shekara, inuwarsa tana da duhu, kuma dezin da bai samu rana ba yakan yi dogon kara marar fure. Sannan watannin da fure yake neman ruwa kullum su ne watannin da ake so gindin bishiyar ya bushe don ta yi huda. A shekaru biyu na farko, kafin rassa su bazu, ana iya jera tukwane a nesa da ɗan dashen da mita ɗaya da rabi, daga nan a riƙa ja da su baya gwargwadon yadda inuwa take faɗaɗa. Idan tsarin gidan ya ba da dama, a sa bishiyar ta yamma don ta tare wa ɗakuna zafin la'asar, a bar gabas a buɗe ga tukwanen fure, kuma a auna wurin ramin tun a watan Mayu, kafin ruwa ya zauna.